Yunwar da Ba Daga Rumbu Take Zuwa Ba

Mu ƴan Nijar babu wanda zai koya mana yunwa. Tsofaffinmu da ita suke ƙirga shekaru: ta 1973, ta 1984 wadda a ƙasar Maraɗi ake ce wa El-Buhari, sai ta 2005 da ta cika cibiyoyin tamowa da ƙananan yara. Mun san kamanninta sarai: rumbu wayam, kuɗin tiya ya tashi, uwa ta ɗora tukunya don kawai yara su yi barci da sa rai.

Wannan sanin da muka yi mata shi ne ya rufe mana ido ga wata irin yunwa. A jami'o'inmu akwai ɗalibar da abinci yake gabanta, kuɗin saye yana jakarta, amma ba ta iya haɗiye loma ba tare da fargaba ba. Akwai wadda za ta ci ta ƙoshi, ta lallaɓa bayi, ta sa yatsa ta amayar. Akwai wadda take haɗiyar ƙwayoyi safe da yamma don jikinta ya cika. Ka kawo zancen nan a fada ka ji amsa: "Ciwon Nasara ne." "Ƙoshi ne ya yi mata yawa." "A kai ta ƙauye wata ɗaya, za ta warke." Ni kuwa cewa nake ciwo ne na gaske, yana nan cikin kampus ɗinmu daga Yamai har Damagaram, kuma bakinmu yana cikin abubuwan da suke hura shi.

Kafin gardama, bari mu san abin da ake magana a kai.

Na farko shi ne anoreksiya, sunan da wani likitan Ingila, William Gull, ya raɗa masa tun 1873. Mai fama da shi tana tauye wa kanta abinci har ta zama ƙashi da rai, amma in ta dubi madubi ƙiba take gani, kuma tsoron ƙara rabin kilo yana hana ta barci. Jinin al'ada yana iya ɗaukewa, gashi ya riƙa zuba, ta riƙa jin sanyi a tsakiyar bazara, bugun zuciya ya yi ƙasa, ƙashi ya rasa ƙarfi tun tana ƴar shekara 20. Cikin cututtukan ƙwaƙwalwa duka, anoreksiya tana sahun waɗanda suka fi kisa.

Na biyu bulimiya, wadda Gerald Russell ya bayyana a 1979. Mai ita takan ci abinci mai yawa cikin ɗan lokaci, tana ji kamar ba ita ke da iko da hannunta ba. Daga nan kunya ta rufe ta, sai ta nemi fitar da shi: ta amai, ta maganin zawo, ko ta hana kanta ci har gobe. Ita wannan ba lalle ta rame ba, shi ya sa ake shekara ana kwana ɗaki ɗaya da ita ba a gane ba. Amma ruwan ciki mai tsami yana cin haƙoranta, maƙogwaro yana ƙuna, kumatu suna kumbura, kuma yawan amai da zawo yana zubar da sinadarin fotasiyom wanda zuciya take bugawa da shi. In ya yi ƙasa ƙwarai, zuciya tana iya tsayawa.

Na uku shi ne ci marar birki, ba tare da amayarwa ba: a ɓoye, cikin sauri, ba don yunwa ba, sai baƙin ciki ya biyo baya. Sai a 2013 kundin likitocin ƙwaƙwalwa na Amurka ya ware shi a matsayin ciwo mai zaman kansa, alhali ya fi sauran biyun yawa.

Hukumar lafiya ta duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a 2019 mutum miliyan 14 ne suke fama da irin waɗannan cututtuka, kusan miliyan 3 daga cikinsu yara ne da matasa. Maza ma suna kamuwa, amma mata sun fi, kuma shekarun da ciwon ya fi kamawa su ne daga balaga zuwa ashirin da ƴan kai. Wato daidai shekarun lise da jami'a.

To mi ya sa ɗalibarmu take cikin haɗari? Don madubi biyu take dubawa, kuma kowanne abin da yake faɗa mata daban.

Madubi na farko na gida ne. A wurinmu ƙiba shaida ce: uba yana ciyarwa, miji yana kulawa, hankali a kwance yake. Ɗaliba ta dawo hutu daga Yamai, ba ta ajiye jaka ba za ta ji: "Ke, mi ya same ki? Ba a ba ku abinci can?" Goggo ta ƙara: "Wa zai aure ki haka kamar sillan kara?" Rama kuma tana jawo zargi. Wasu su ce sida, wasu su ce ciki ta zubar, wasu su ce sammu aka yi mata. Wannan son jiki ba na Hausawa kaɗai ba ne. A ƙasar Zabarma akwai al'adar hangandi, inda ake shagalin ƙibar mata. Wata mai bincike, Rebecca Popenoe, ta zauna da Larabawan Azawak a arewacin jihar Tawa, ta fitar da littafi a 2004 kan yadda ake fara yi wa yarinya ɗura da madara da kunun gero tun lokacin da ta fara famfara. Ban ga laifin kakanninmu ba da suka ɗauki ƙiba a matsayin arziki. A ƙasar da fari ke zuwa ba sallama, kitsen jiki ajiya ne kamar rumbu. Sai dai su da nono da gero suke yi. Mu yanzu da ƙwaya ake yi.

Ku je kowace kasuwa, ko ku tsayar da mai tallan magani a bisa kai, ku ce kuna son maganin ƙiba. Ba zai tambaye ku takardar likita ba. Abu biyu zai fi miƙo muku, ko a haɗe ko a rarrabe, waɗanda wasu ke kira "sha ka fashe". Ɗaya siproheptadin ne, maganin ƙaiƙayi da borin jini, wanda ke cikin Periactine da Super Apeti da Apetamin. Yana buɗe ciki, yana kuma saukar da barci mai nauyi, har ɗaliba ta zauna a anfi tana gyangyaɗi, kuma an samu waɗanda ya taɓa wa hanta. Hukumomin magani na Ingila da Amurka duk sun gargaɗi jama'a a kan Apetamin. Ɗayan kuma deksametazon ne, magani mai ƙarfi da likitoci ke ba masu tsananin asma da kumburi, na ƴan kwanaki ko bisa kulawa. Wadda ta ɗauki watanni tana shan shi fuskarta za ta yi zagaye kamar wata, a ce ta yi kyau. Abin da ba a gani shi ne hawan jini, ciwon suga, raunin garkuwar jiki, lalacewar ƙashi, da fata mai tsagewa. Kuma ga abin takaici: deksametazon a fuska da wuya da ciki yake tara kitse, yana kuma cinye naman hannuwa da cinyoyi da mazaunai. Wato dirin da aka sha shi dominsa shi ne yake fara tafiya.

Madubi na biyu yana cikin waya. Masu cewa al'adarmu ta son ƙiba za ta kare mu daga ciwon rama, ina so su ji labarin Fiji, wasu tsibirai a tekun Pasifik. Mutanen can kamar mu suke: suna son mace mai jiki, suna ganin ƙin cin abinci alamar rashin lafiya ce. A 1995 talabijin ta isa yankin Nadroga. Wata likita daga jami'ar Harvard, Anne Becker, ta yi wa ƴan matan sakandare tambayoyi a wannan shekarar, ba a samu ko ɗaya da ta ce tana amai don ta rage nauyi ba. Ta koma a 1998. Kashi 11 cikin 100 suka ce suna yi. Ƴan matan da aka tambaya ba su kai 70 ba a kowane zagaye, amma darasin a bayyane yake: shekara uku kacal, da tashar talabijin ɗaya, aka girgiza al'adar kaka da kakanni. Mu kuwa TikTok da Instagram da Snapchat ne a ƙarƙashin matashin kai, dare da rana. In gemun ɗan uwanka ya kama wuta, shafa wa naka ruwa.

Masu waɗannan kamfanoni ma sun sani. A 2021 wata tsohuwar ma'aikaciyar Facebook, Frances Haugen, ta fitar da takardun cikin gida, ta kuma ba da shaida gaban majalisar dattawan Amurka. Cikin takardun akwai binciken kamfanin da kansa: kashi 32 cikin 100 na ƴan mata matasa sun ce a lokacin da suke jin haushin jikinsu, Instagram yana ƙara musu jin haushin.

Jikin da waya take talla yanzu ma ya fi na da wuyar samu: ciki a shafe, ƙugu siriri, ƙirji da mazaunai a cike. Yawancinsa aikin filta ne, ko na wuƙar likita, ko na ɗamara da aka ɗaure har numfashi ya yi wuya. Yarinya tana son ta gamsar da goggo, tana son ta gamsar da waya. Sai ka ga jaka ɗaya da ƙwayar ƙiba da shayin rage tumbi. Shi kuwa wannan shayin, da yawansa ganyen filasko ne mai sa zawo ko maganin sa fitsari. Ruwan jiki yake fitarwa, kitse yana nan inda yake. Gaba kura, baya sayaki.

Sai jami'a ta ƙara nata. A gida kwano ɗaya ake ci, uwa tana ganin hannun kowa. Ranar da ɗiya ta tsame hannu da wuri, za a tambaye ta. A site ko a ɗakin haya babu mai duba kwanonta. Wadda ta baro Tasawa ko Ƙonni ko Magarya ta zo Abdou Moumouni, ko Dan Dicko Dankoulodo, ko André Salifou, ko Djibo Hamani, karon farko ke nan da take kwana nesa da ƴan uwa. Ga tsoron faɗuwa jarrabawa, ga idon ƴan gida da suka ƙi aurar da ita da wuri suna jiran sakamako, a ƙasar da kusan mata uku cikin huɗu ake yi musu aure kafin shekara 18. Wadda ta ji komai ya kuɓuce mata, abinci ne kaɗai abin da take da iko a kai, sai ta riƙe shi da ƙarfi har ya koma shi ke riƙe da ita.

Ga kuma aljihu. Duk wanda ya yi zaman kampus ya san watannin da bursi ke makara: safe ba karyawa, rana garin rogo da ƙuli, dare abin da Allah ya hore. Ranar da kuɗi suka shigo sai a ci kamar ba gobe. Wannan hawa da sauka kansa yana rikita dangantakar mutum da abinci. A 1944 da 1945, a jami'ar Minnesota ta Amurka, Ancel Keys ya yi gwaji da samari 36 lafiyayyu da suka yarda aka rage musu abinci kusan rabi har wata shida. Sun rasa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsu. Abin da ya fi ba da mamaki shi ne ƙwaƙwalwarsu: ba su da zance sai na abinci, suka zama masu saurin fushi da baƙin ciki, kuma da aka sake su, wasunsu suka riƙa ci ba su iya tsayawa. Yunwa da kanta tana juya tunani. Saboda haka mai cewa wannan ciwon ƴaƴan masu kuɗi ne, bai duba da kyau ba. Ɗiyar talaka da ke kwana da yunwa rabin wata tana kan hanyarsa ita ma. Kuma a tuna, kusan rabin matan Nijar masu shekarun haihuwa suna da ƙarancin jini tun kafin su fara wasa da abinci.

Yaya aka yi ba mu gani? Don ciwon yana da wuraren ɓuya da yawa a cikin rayuwarmu. "Na riga na ci." "Gyambon ciki gare ni." "Azumi nake." Azumin nafila ibada ce mai daraja, amma in ƙawarki ta wuce Litinin da Alhamis ta koma kullum, ba sahur, buɗa-baki da ruwa da dabino ɗaya, tana kuma hawa sikeli bayan Magariba, to ki sa ido. Addinin da ya sauƙaƙa wa marar lafiya azumin farilla bai nemi kowa ya halaka kansa da na nafila ba. Abaya da hijabi kuma suna rufe ramar da za a gani a kafaɗa. In abin ya fito fili, sai a ce iska ce ko hannun maƙiya. A yi addu'a, ba wanda ya hana, amma a haɗa da likita. Uwa-uba tsoron suna: da an ce ciwon ƙwaƙwalwa, hankalin kowa sai ya tafi Pabiyon E na babbar asibitin Yamai, a ce ɗiyar wane ta haukace, aurenta ya lalace. Da a faɗi haka, gara a yi shiru. Shirun nan kuwa shi ke kisa.

Ga abin da nake ganin ya kamata, kuma kowa da rabonsa.

Samarin fada, ku ne farko. Yarinya ta wuce, wannan ya ce "tsinke", wancan ya ce "buhu", a kwashe da dariya, a ci gaba da shan shayi. Ku kun manta kafin a zuba na biyu. Ita kuwa da maganar za ta kwana, wataƙila da ita za ta je wurin mai ƙwaya. Haka ku ma ƴan mata, a grup ɗin WhatsApp da ƙarƙashin hotunan juna.

Iyayenmu mata, goggonni da innoni, don Allah ku canza gaisuwa. In ɗiya ta dawo hutu a tambaye ta karatu da lafiya da abin da ke damunta, a bar auna ta da ido tun daga zaure. In za a yi mata aure, kar a bari mai gyaran jiki ta ba ta abin da ba a san sunansa ba. Kuma in ta rame ƙwarai, ɗura ba magani ba ce: jikin da ya daɗe da yunwa in aka cika shi da abinci lokaci ɗaya, zuciya tana iya bugawa. A hankali ake mai da shi, a hannun likita.

Hukumomin CROU masu kula da resto da ɗakunan kwana da infirmari: ɗalibar da ta zo da jiri ko ɗaukewar al'ada ko ciwon ciki da ba ya jin magani, a yi mata tambaya uku cikin sirri. Yaya kike ci? Kina amayarwa? Wace ƙwaya kike sha? Koya wa ma'aikata wannan ba ya buƙatar miliyoyi. A kuma samar da masanin halayyar ɗan Adam da ɗaliba za ta iya gani ba tare da duk site ta sani ba. Likitocin ƙwaƙwalwa a ƙasar nan ƙalilan ne, yawancinsu a Yamai, don haka infirmari ita ce ƙofar farko.

Shugabannin USN da kwamitocin ɗalibai mata: kun iya fitowa a kan bursi da resto, kuma haƙƙinku ne. Ku sa lafiyar ƙwaƙwalwa cikin jerin buƙatunku, don ita da bursi igiya ɗaya ta ɗaure su. Ɗaliban likitanci a Yamai da Maraɗi da Damagaram masu neman abin da za su rubuta tez a kai, ga shi nan a ɗakin da ke kusa da naku.

Ma'aikatar kiwon lafiya da masu farmasi: deksametazon magani ne na takardar likita. Bai kamata a same shi a faranti ɗaya da alawa ba. Masu tallan "haɗin ƙiba" da "shayin tumbi" a TikTok da gidajen rediyo, a tambaye su mi ke cikin kwalbar, wa ya ba su izini. Faransa tun 2017 ta wajabta a rubuta a jikin hoton talla in an gyara surar mai tallan da kwamfuta. Mu ko sunan abin da ke cikin kwalba ba mu kai ga tilastawa ba.

Ke kuma da kike zargin ƙawarki tana cikin wannan hali, kar ki fara da "kin rame" ko "kin yi ƙiba". Ki same ta ita kaɗai ki ce: "Na ga kin daina ci tare da mu, hankalina bai kwanta ba. In kina so, mu je likita tare." Za ta iya musantawa, za ta iya yin fushi. Kar ki kai zancen grup, kar kuma ki janye. In kuwa ta suma, ko ta yi aman jini, ko zuciyarta na bugawa ba daidai ba, ko ta fara zancen gajiya da rayuwa, wannan ba na jira ba ne, asibiti za a nufa a take.

Ƴar uwata, in ke ce kike karanta wannan kina jin kamar da ke ake, ki sani ba yanga kike ba, ba butulci kike wa Allah ba, kuma ba ke kaɗai ba ce. Ciwo ne mai suna, ana kuma warkewa, musamman in an tare shi da wuri. In kin daɗe kina shan deksametazon, kar ki yanke shi rana ɗaya, don jiki ya saba da shi kuma yankewar tana da haɗari. Ki kai wa likita kwalin, ki faɗa masa tun yaushe, shi zai rage miki a hankali. Ki zaɓi mutum ɗaya da kika yarda da shi, yaya ko ƙawa ko malama, ki faɗa masa yau. Ranar wanka ba a ɓoyon cibi.

Ƴan matan da suka kai jami'a a ƙasar nan ba su da yawa, kuma kowacce sai da aka sha gwagwarmaya kafin ta kai. Bai dace mu rasa ko ɗaya saboda maganar fada ko ƙwayar dala ashirin ba. Ku tura wa wadda kuke jin tana buƙata, a sirrance. Allah ya ba marasa lafiyarmu lafiya.